Zagayen bayan fage a jirgin ruwan shaƙatawa: shin ya cancanci kuɗinsa?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya cewa ya yanki tikitin tafiyar kwana 7 a Bahar Rum, za su tashi daga Basalona shi da maiɗakinsa da 'ya'yansu biyu, babban yana da shekara 15, ƙaramar tana da 7. Da ya buɗe manhajar kamfanin jirgin sai ya ga ana tallar wani zagaye na kusan awa uku, wanda ake shiga da fasinja wuraren da ma'aikata kaɗai ke shiga, a kan dala 150 kowane mutum. Yana so ya san abin da ake nunawa a ciki, kuma ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu.

Malam, shawarata ita ce ka biya wa kanka da babban yaron, ka bar Hajiya da ƙaramar sai idan Hajiyar da kanta ta nuna sha'awa, kuma kada ka fitar da ko sisi sai an tabbatar maka cewa zagayen ya haɗa da ɗakin tuƙi da ɗakin kula da injina. Na yi shekaru ina aikin injiniya a teku, na fara da jiragen dakon kaya kafin na koma na fasinja, kuma sau da yawa ni ake cewa in tsaya in tarbi masu wannan zagaye idan sun iso ɓangarenmu. Abin da na lura da shi a tsawon lokacin shi ne, mutum biyu za su biya kuɗi ɗaya su bi hanya ɗaya, ɗaya ya fito yana cewa shi ne abu mafi daɗi a duk tafiyar, ɗayan kuma ya fito yana ƙorafin an zaga da shi ya ga firiji da injin wanki. Bambancinsu kusan kullum ɗaya ne: na farkon ya shigo da tambayoyi a bakinsa, na biyun ya shigo ne a nuna masa abin mamaki.

Kowane kamfani da sunan da yake kiran abin. Royal Caribbean suna ce masa All Access Tour, Carnival suna ce masa Behind the Fun, Princess kuma Ultimate Ship Tour, amma tsarin kusan iri ɗaya ne. Ana ɗaukar ƙaramin ayari, galibi bai wuce mutum 20 ba, a haɗa su da jagora da jami'in tsaro, a bi da su ta kicin da sito da ɗakin wanki da bayan dandalin wasanni da wurin sarrafa shara da ɗakin kula da injina, a ƙare a ɗakin tuƙi. Farashin yakan kama daga kusan dala 100 zuwa 200, ya danganta da kamfani da girman jirgi, saboda haka abin da aka sa maka bai fita daga yadda aka saba ba. Tsofaffin matafiya za su gaya maka cewa a da kyauta ake hawa ɗakin tuƙi a gaisa da kyaftin, kuma gaskiya suka faɗa. Harin 11 ga Satumba 2001 ne ya sauya lamarin, domin bayansa aka kafa dokar tsaron jiragen ruwa da tashoshinsu ta duniya, wadda ake kira ISPS, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2004, ta kuma wajabta wa kowane jirgi ya ware wuraren da ba a shiga sai da izini. Daga baya kamfanoni suka ga cewa abin da aka rufe yana da masu son gani, sai suka mayar da shi haja. Shi ya sa za a duba katinka, a bi jikinka da na'urar bincike, a wasu jiragen ma a karɓi wayarka kafin a fara.

Bari in fara da inda na fi sani. Yawancin masu biyan kuɗin nan suna zuwa ne da tunanin za a saukar da su can ƙasa su tsaya kusa da injin yana ruri, su taɓa ƙarfe. Wannan ba ya faruwa, kuma gara ka sani tun yanzu. Ɗakin injin kansa wuri ne mai zafi da ƙarar da ba a shiga sai da abin toshe kunne, ga matakalai masu tsayi, ga bututai masu ƙuna, babu kamfanin da zai yarda ya sa fasinja a ciki. Inda za a kai ku ɗaki ne mai sanyi cike da allunan kwamfuta, inda injiniyan da ke bakin aiki yake zaune yana kallon dubban ma'aunai, injin kuma sai dai ku gan shi ta kyamara. Wanda bai san abin da yake kallo ba zai ce ofis ne kawai. Amma a cikin ɗakin nan ake riƙe da ran jirgin gaba ɗaya, kuma minti 20 a cikinsa sun isa su sauya yadda kake kallon sauran tafiyarka.

Dalili kuwa shi ne, babban jirgin shaƙatawa na zamani tashar wutar lantarki ce da aka ɗora wa otal a kai. Injinan ba su haɗe da farfela kai tsaye. Aikinsu su juya janaretoci su samar da wuta mai ƙarfin bolt 6,600 ko 11,000, daga nan a rarraba ta: kaso mafi girma ya tafi ga na'urorin lantarkin da ke juya farfela, saura ya tafi ga na'urorin sanyaya ɗakuna, da kicin, da lif, da famfunan ruwa. Jirgin Oasis of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta ƙasar Finlan ya fara aiki a 2009, yana da injina 6 da ke bayar da kusan megawat 97 a haɗe, da farfela 3 masu megawat 20 kowace, waɗanda ke rataye a ƙarƙashin jirgin cikin wasu kwanso masu juyawa ta kowace fuska, ta yadda farfelar ce da kanta ke karkata jirgin. Idan kun shiga, ka roƙi injiniyan ya nuna maka allon da ke nuna injina nawa ne ke aiki a wannan lokacin da yadda aka raba wutar. Za ka ga cewa ba duka ake kunnawa ba, kuma ƙarin ɗan gudu kaɗan yana iya sa a tayar da wani injin guda, domin man da jirgi ke sha yana hauhawa fiye da yadda gudunsa ke ƙaruwa. A nan za ka fahimci dalilin da ya sa jirgi ke tafiya a hankali cikin dare idan tashar gobe tana kusa.

Sannan ka tambaye shi daga ina ruwan da kuka yi wanka da shi da safe ya fito. Akasarinsa ruwan teku ne. Ana tafasa wani da zafin da injina ke fitarwa, a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska domin ya tafasa tun bai yi zafi sosai ba, a tara tururin. Wani kuma a matsa shi da ƙarfi ta cikin matata mai ƙananan ƙofofin da gishiri ba ya iya wucewa. Bayan haka a zuba masa ma'adinai da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta. Ko bayan gidan da ke ɗakinku da iska yake zuƙe ƙazanta, kuma wutar lantarki ce ke samar da wannan zuƙar. Idan wutar ta ɗauke, komai ya tsaya lokaci guda. Abin da ya sami jirgin Carnival Triumph ke nan a watan Fabrairu 2013 a Mashigin Meziko, lokacin da gobara a ɗakin injin ta bar mutum sama da 4,000 suna shawagi kwanaki babu sanyin ɗaki, bayan gida ba ya aiki yadda ya kamata, har aka jawo jirgin zuwa tashar Mobil a jihar Alabama. Manyan jiragen fasinja da aka ƙera daga Yulin 2010 zuwa yau suna ƙarƙashin ƙa'idar da ta ce dole a tsara su yadda gobara ko ɓarkewar ruwa a ɓangare ɗaya ba za ta hana su komawa tasha da ƙarfin kansu ba, shi ya sa ake raba injinan gida biyu da bango a tsakani. Tambayi injiniyan shekarar da aka ƙera jirginku da yadda aka raba nasa. Babu injiniyan da ba ya jin daɗin wannan tambayar.

Na tuna wani dattijo da ya taɓa zuwa cikin irin wannan ayari, ya yi shiru har aka kusa fita, sai ya tambaye ni yadda muke daidaita janareta na biyu da na farko kafin mu haɗa su a layi ɗaya. Ashe ya yi shekaru yana aikin wuta a masana'anta. Na buɗe masa allon, na nuna masa yadda na'urar ke jira sai bugun biyun ya zo daidai sannan ta rufe makunnin, muka shiga hira har jagoran ya rinƙa duba agogo. Sauran mutanen ayarin, waɗanda da farko suka fara gajiya, sai ga su sun matso suna saurare. Abin da kuɗinka ke saya maka ke nan a haƙiƙa: damar tsayawa gaban mutumin da ke riƙe da aikin, a lokacin da aka ba shi izinin ya amsa maka.

Kicin shi ne wuri na biyu da ya cancanci a daɗe a cikinsa, kuma a nan ne nake ganin Hajiya za ta iya samun abin sha'awa. Ka yi lissafi da kanka. Icon of the Seas, wanda ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata 2,350, wato kusan baki 10,000, kowane yana cin abinci sau uku a rana, ban da na tsakani. Ko jirginku bai kai haka ba, dubban faranti ne ke fita cikin awa biyu. Za ka ga komai na baƙin ƙarfe mara tsatsa ne tun daga bango har rufi, da wuya ka ga harshen wuta domin da lantarki ake girki saboda tsoron gobara, ga tukwanen miya da sai mutum ya leƙa da kyau kafin ya ga gindinsu, ga hoton kowane abinci a manne a bango domin faranti na farko da na dubu su fito iri ɗaya. Gidan burodi kuwa ba ya barci, cikin dare ake gasa na safe. A ƙasa akwai ɗakunan sanyi jere, na nama daban, na kaji daban, na kifi daban, na kayan lambu da madara daban, har da ɗakunan da aikinsu kawai narkar da daskararren nama a hankali. Mai kula da sito yana loda kayan mako guda cikin 'yan awannin da jirgi ke tsaye a tashar farko, a daidai lokacin da dubban fasinja ke sauka wasu dubban ke hawa, kuma idan ya yi kuskuren lissafi babu kasuwar da zai aika yaro a tsakiyar teku.

Tsabtar da za ka gani a wurin da gaske ce, kuma tana da tushe. Tun 1975 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka take da shirin duba jiragen fasinja da ke shiga tashoshinta, jami'anta suna hawa ba tare da sanarwa ba, suna ba da maki a kan 100, kuma jirgin da ya samu 85 ko ƙasa da haka ya faɗi, a buga sakamakon kowa ya gani. Manyan kamfanoni suna horar da ma'aikatansu a kan wannan ma'auni ko da jirgin a Turai yake aiki. Shi ya sa za ka ga ƙananan takardu masu launi manne a jikin kwanukan abinci ɗauke da lokaci: idan awa 4 ta cika abincin yana waje, zubarwa ake yi. A matsayinka na Musulmi, nan ne wurin da za ka tambayi shugaban kicin yadda ake raba naman alade da sauran nama, da waɗanne miya da kayan zaƙi ake zuba wa giya, kuma ya nuna maka teburin da ake haɗa abincin masu buƙata ta musamman. Sai dai kada ka jira zagayen kafin ka warware batun halal, domin sau da yawa sai tafiya ta yi nisa ake yin sa. Kamfanonin da ke tanadar naman halal suna so a sanar da su makonni kafin tashi, saboda haka ka rubuta musu tun yanzu, ka kuma maimaita wa shugaban masu hidimar ɗakin cin abinci a daren farko.

Ɗakin wanki da bayan dandalin wasanni ba su buƙatar dogon bayani. A na farkon akwai doguwar na'urar da ke haɗiye zannuwan gado ta wannan baki ta fitar da su a wanke ta wancan, da wata mai gogewa ta ninke, ga zafi mai tsanani, kuma yana can ƙasa da saman ruwa. A na biyun za ka ga kayan 'yan wasa rataye da ƙananan ɗakunan shiri. Minti goma-goma sun ishe su.

Wurin shara ya fi su muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma a nan nake so ka shiga da idonka a buɗe. Za a nuna maka ma'aikata suna ware kwalba da gwangwani da kwali da hannu, da injin niƙa gilashi, da na matse gwangwani, da wurin ƙona abin da doka ta yarda a ƙona. Za a gaya maka cewa MARPOL, yarjejeniyar duniya ta hana jirage gurɓata teku, ta haramta jefa roba a teku ko ta wane hali, cewa a Bahar Rum ragowar abinci sai an niƙa shi ya wuce ta rariya mai ƙofa milimita 25 kuma jirgi ya yi nisan mil 12 daga gaɓa kafin a sake shi, cewa ruwan da ya gauraya da mai ba ya fita sai man da ke cikinsa bai wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Duk wannan gaskiya ne, haka kuma tun 1 ga Mayu 2025 jiragen da ke Bahar Rum ba su da izinin fitar da hayaƙin man da sinadarin sulfa a cikinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100. Amma abin da ake nuna wa baƙo shi ne abin da aka shirya nuna masa. A watan Disamba 2016 kamfanin Princess ya amsa laifi a Amurka ya amince da biyan tarar dala miliyan 40, saboda an daɗe ana zubar da ruwa mai gauraye da mai daga jirgin Caribbean Princess ta wani ɓoyayyen bututu. Wanda ya tona asirin wani sabon injiniya ne a cikin jirgin, a 2013, wanda ya ga abin ya ƙi yin shiru. Babu fasinjan da zai gano irin wannan da zagayen awa uku. Na kawo wannan ne domin kada ka ɗauki zagayen a matsayin binciken da zai tabbatar maka da halin kamfani. Darasi ne a kan yadda aka tsara abubuwa su yi aiki, kuma a wannan matsayin yana da amfani ƙwarai.

Tsakanin waɗannan wurare za ku rinƙa bi ta wani dogon lungu mai faɗi da ya ratsa jirgin daga gaba zuwa baya, wanda ma'aikata a jirage da yawa ke kira I-95, sunan babbar hanyar motar da ta bi gabashin Amurka ta sauka har Mayami. Babu kafet, babu ado, sai fararen fitilu da amalanken kaya da mutane suna sauri. A nan za ka ga waɗanda ke ɗauke da jirgin a wuyansu, yawancinsu 'yan Filifin da Indonesiya da Indiya, da wasu daga gabashin Turai da Afirka da Kudancin Amurka, masu kwangilar wata 6 zuwa 9 ba tare da ranar hutu cikakkiya ba. Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda ta fara aiki a watan Agusta 2013, ta ce dole ma'aikaci ya sami hutun aƙalla awa 10 cikin kowace 24, da awa 77 a mako. Ka cire 77 daga awa 168 da ke cikin mako, za ka ga yawan aikin da doka ta halatta. Ɗakunan kwanansu, inda mutum biyu ke raba wurin da bai kai rabin naku ba, ba a cika nunawa ba, kuma ni ina ganin daidai ne, domin nan ne kaɗai sirrin da ya rage musu. A wani jirgi da na yi aiki, an taɓa sa ƙananan ma'aikata su kwana suna fentin wannan lungu saboda baƙin gobe, da safe kuma aka ce su kauce daga hanya har ayarin ya wuce. Abin ya daɗe yana damuna. Roƙona gare ka shi ne ka yi musu sallama, ka kauce wa mai tura kaya domin shi aiki yake yi, kada ka ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, kuma ka bar yaronka ya ga wannan da idonsa. Yaro mai shekara 15 da ya ga inda tawul ɗinsa ke zuwa bayan ya jefar a ƙasa, zai sauya yadda yake magana da mai gyara ɗaki.

Ɗakin tuƙi ake ajiyewa a ƙarshe, kuma shi ne mutane suka fi tunawa. Faɗinsa ya zarce faɗin jirgin, domin yana da fikafikai biyu da suka leƙo ta gefe, a ƙasan kowane akwai gilashi da kyaftin ke tsayawa a kai yana kallon yadda jikin jirgin ke matsowa bakin tasha. Sitiyarin zai ba ka mamaki saboda ƙanƙantarsa, kuma akasarin lokaci ba a taɓa shi, na'ura ce ke bin hanyar da aka zana a taswirar kwamfuta, jami'ai suna lura da rada, wato na'urar da ke hango jirage da sauran cikas daga nesa, wani kuma yana tsaye aikinsa kawai duban teku da ido. Ka saurari yadda suke magana: duk umarnin da aka bayar sai wanda aka ba ya maimaita shi da baki, mai bayarwa ya tabbatar, domin kada kuskuren ji ya zama haɗari. Ka tambaya game da jagoran tasha, mutumin da ke zuwa da ƙaramin kwalekwale ya hau ta tsanin igiya ya nuna hanyar shiga; shawara yake bayarwa, alhakin jirgi yana kan kyaftin, in ban da a mashigin Panama inda jagoran ke karɓar tuƙin. Shiga wannan ɗaki ya ƙara tsauri bayan daren 13 ga Janairu 2012, lokacin da Costa Concordia ya bugi dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, mutum 32 suka rasu, kuma bincike ya nuna akwai waɗanda ba su da aiki a ɗakin tuƙin a lokacin. Tun daga nan ƙa'idar manyan kamfanoni ita ce ba a shigar da baƙo lokacin shiga tasha ko fita ko wucewa ta matsatsin ruwa. Saboda haka kyaftin yana da ikon soke wannan ɓangare idan hazo ya sauko ko teku ta tashi, kuma ba lallai ba ne ku same shi da kansa a wurin. Ka tambayi abin da za a mayar maka idan hakan ta faru, tun kafin ka biya.

Yanzu batun kuɗi. Mutum huɗu a kan dala 150 dala 600 ke nan, kuɗin da zai kai ku duka yawon yini guda a ɗaya daga tashoshin Italiya ko Faransa, har da abinci. Ƙaramar yarinyar mai yiwuwa ma shekarunta ba su kai abin da kamfanin ya gindaya ba, in kuma sun kai, awa uku a tsaye ana bayanin famfo da firiji azaba ce gare ta. Zagayen yana da hawa da sauka a matakalai masu tsayi da ƙunci, ga ƙofofin tare ruwa masu dokin ƙofa da sai an ɗaga ƙafa, saboda haka mai ciwon gwiwa ko wanda jiri ke kama shi a teku ya yi tunani sosai, musamman da yake ɗakin tuƙi yana can sama a gaba inda motsin jirgi ya fi yawa. Ka kuma lura cewa tafiyar kwana 7 daga Basalona yawanci rana ɗaya tak take da ita wadda jirgi ke yini a teku bai tsaya ko'ina ba, kuma a irin wannan rana aka fi yin zagayen, wato za ka ba da safiyar hutunka guda ɗaya. Kyaututtukan da ake haɗawa da su, hoto da hula ko jaka ko rigar kuku, kada ka sa su a lissafi.

Akwai kuma hanyoyin samun wani ɓangare na wannan ba tare da biya ba, kuma su nake ba Hajiya da ƙaramar shawara. Jirage da dama suna shirya zaman tambaya da amsa da kyaftin da babban injiniya a dandali, kyauta, wasu kuma suna yin nunin girki a ƙare da ratsawa ta cikin kicin. Ka rinƙa duba takardar shirye-shiryen kowace rana. Wasu kamfanoni suna ba masu manyan ɗakuna ko waɗanda suka daɗe suna tafiya da su ziyarar ɗakin tuƙi a matsayin karramawa. Queen Mary 2 na kamfanin Cunard yana da wani wuri a bayan ɗakin tuƙi da fasinja ke tsayawa su kalli jami'ai ta gilashi a ranakun teku, ƙananan jirage irin na Windstar kuwa an san su da barin ƙofar ɗakin tuƙi a buɗe idan yanayi ya ba da dama. Abin da ba a samu kyauta kusan ko'ina shi ne ɗakin kula da injina da lungun ma'aikata da sito, shi ya sa na ce idan babu ɗakin kula da injina da ɗakin tuƙi a jerin, kuɗin bai cancanta ba. Kuma sau ɗaya ya isa. Jirgi na biyu kicin ɗinsa da ɗakin wankinsa kusan iri ɗaya ne da na farko, sai dai idan ka koma wani iri dabam, kamar sababbin da ke aiki da iskar gas da aka daskarar ta zama ruwa.

Idan ka yanke shawarar zuwa, ka yi rajista tun a manhaja ko a ranar da kuka hau, domin guraben kaɗan ne kuma suna saurin cika. Ka tambayi harshen da za a yi bayani da shi, saboda jiragen Bahar Rum suna ɗaukar Italiyawa da Sifaniyawa da Faransawa da Jamusawa, wani lokaci a raba ayari bisa harshe, kuma babu asarar da ta kai ka biya ka faɗa ayarin da ba ka jin abin da ake faɗa. Ku sa takalmi rufaffe mara santsi da wando, ku bar babbar riga da silifa a ɗaki domin matakalan ba sa son tufa mai jan ƙasa. A wasu jiragen ana miƙa wa baƙi kofin giya a ƙarshe, sai ka ce a ba ku lemo, babu wanda zai ga laifinka. Da yake ana iya karɓe waya, ka ba yaron ƙaramin littafi da biro, ku zauna daren jajibiri ku rubuta tambayoyinku: injina nawa ke aiki yanzu, tan nawa na ruwa ake tacewa a rana, tsawon wane nisa jirgin ke buƙata kafin ya tsaya cik idan yana cikin gudu, me ake yi idan mutum ya faɗa ruwa cikin dare. Ku tsaya kusa da jagora a gaban ayari, domin a kicin da ɗakin wanki ƙara ba ta barin na baya ya ji komai, kuma idan kun isa ɗakin injiniyoyi ka bar yaron ya fara tambaya.